Rasuwar Penka, Kwamfutar da Ba Ta Taɓa Gaggawa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ladabi ya hana a rubuta shi duka, ana sanar da ma'aikatan gidan karatu na bakin kogi, da masu aron littattafai, da 'yan ƙungiyar rawar gargajiya, da duk mutumin garin Teteven da ya tsaya gaban wannan ƙofa yana gyara tabarau, rasuwar Penka, kwamfutar teburin aron littattafai, wadda ta ce ga garinku nan ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, da ƙarfe takwas da minti ɗaya na safe. Ta rasu tana da shekara goma sha shida, bayan gajeruwar jinyar da ba ita ta nema ba. Wanda ya liƙa wannan takarda, tsakanin sanarwar marigayi mai gyaran agogo da ta surukar direban bas, shi ne Lyuben Gochev, ma'aikacin ɗakin littattafai, wanda daga nan za a riƙa kira mai makoki. Hoton da ke sama nata ne. Baƙin ƙyallen da ke kusurwar hoton daga nektayinsa aka yanko.

An kawo marigayiya cikin kwali a shekarar da aka gyara rufin zauren rawa, fara sol, da ƙamshin sabuwar roba. Mai makoki ne ya raɗa mata suna, don tunawa da gwaggonsa Penka, wadda ba ta amsa gaisuwar kowa da safe sai ta zauna bakin gado, ta lalubo silifa, ta zagi kyanwa, sannan ta ɗago ta ce wa ke magana. A shekarunta na aiki marigayiya ta riƙe sunayen littattafai dubu goma sha tara ba ta ɓatar da ko ɗaya ba. Ta san wanda ya ari littafin kiwon zuma bai dawo da shi ba, ta san malamar makarantar da ke aron littattafan soyayya da sunan ƙanwarta, kuma ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Sai dai ba don waɗannan ake kukanta ba. Kowace kwamfuta tana iya wannan.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne yadda take tashi. Da takwas daidai mai makoki yakan danna maɓalli, ita kuma ta ce biip, sau ɗaya, kamar tsohuwa tana gyaran murya. Sai fanka ta kama, fuuuu. Sai ta tura hannu cikin aljihun faifan CD, wanda rabon da a sa wani abu a cikinsa an fi shekara goma, ta laluba, ta sake lalubawa, ta haƙura. Daga nan faifan cikinta ya fara nasa karatun, kirrr, tak-tak, kirrr, allo ya yi baƙi, ya yi shuɗi, wata 'yar da'ira ta yi ta kewaya kanta. Bayan wannan sai ta shiga tashin mutanen gidanta ɗaya bayan ɗaya, manhajoji talatin da ɗaya, kowace sai an rarrashe ta. Idan ta gama duka, sai ta saki kiɗanta, tan-tan-taraan, da ƙarfin da ake jin sa har ƙarshen baranda. Daga biip zuwa taraan minti goma sha huɗu ne. Mai makoki ya auna da agogonsa fiye da sau dubu, bai taɓa samun ta da rowar ko minti ɗaya ba.

Yanzu sai a faɗi abin da rabin garin ya sani, sauran rabin kuma ya yi zato. A ɗaya gefen barandar, taku bakwai daga teburin marigayiya, akwai ɗakin ɗinki, inda Gospoja Nevena Tasheva, wato Malama Nevena, take ɗinka wa 'yan rawa kaya tun bayan rasuwar mijinta. Tana da ɗan murhun lantarki a kan taga da 'yar tukunyar gahawa mai dogon mariƙi. Wata safiya, shekara tara da suka wuce, ta ga mai makoki tsaye a baranda ya harɗe hannu a baya yana karanta dokokin kashe gobara, ta tambaye shi ko kwamfutarsa ta farka. Ya ce tukuna. Ta ce to ya shigo ya zauna, gahawar ta ishi mutum biyu. Tun daga ranar haka ake yi: ita ta tambaya, shi ya ce tukuna, ta sauko da kofi na biyu, mai shuɗin zane a baki. Sukan yi maganar tsadar barkono, da gwiwarta, da ko za a yi dusar ƙanƙara da wuri. Idan kiɗan ya tashi sai ya miƙe ya yi godiya ya koma aiki. Har yau tana kiransa Gospodin Gochev, wato Malam Gochev, shi kuma yana kiranta Gospoja Tasheva.

Mai makoki yana da shekara sittin da ɗaya. Bai taɓa aure ba. Ya yi jinyar mahaifiyarsa har ta rasu, da ya waiwaya kuma sai ya tarar gashinsa ya yi fari. Yana son Gospoja Tasheva. An rubuta shi a nan ƙuru-ƙuru saboda a takardar mutuwa ba a yin kwana-kwana, amma a bakinsa maganar ba ta taɓa fita ba. Mutum ne da ba zai iya ƙwanƙwasa ƙofar mace haka kawai ba, sai da dalili, kuma marigayiya ce take ba shi dalilin kowace safiya, ba tare da ta nemi godiya ba.

Tunda an zo wurin faɗin gaskiya, a ƙarasa. Lokacin da aka fara shan gahawar, minti shida kawai Penka take ɗauka. Tsufa ya ƙara mata kamar uku. Sauran biyar ɗin aikin mai makoki ne. Duk manhajar da ta tambaya ko ta riƙa tashi tare da kwamfuta, ya ce mata e, bismillah. Ya sa mata anti-bairos na biyu a kan na farko. Ya sa manhajar hasashen yanayi har guda uku, alhali ga taga a gabansa. Ya sa manhajar wata sikana da gidan karatun bai taɓa mallaka ba. Ya bar na firintoci biyu da aka zubar tuntuni, suna tashi kowace safiya suna cigiyar iyayen gidansu. Marigayiya ta ɗauki wannan kaya duka ba ta yi ƙorafi ba, sai dai numfashinta da ya ƙara nauyi.

Ciwon ajali ya shigo ne ta ƙofar gaba, da jaka a kafaɗa da murmushi. A ƙarshen Satumba aka turo Desislava Yankova, ƙwararriyar mai gyaran kwamfuta, ta zagaya ofisoshin gari ta duba na'urorinsu. Mace ce mai kirki da saurin hannu, kuma mai makoki ya san ta tun tana zuwa aron littattafan tatsuniya, abin da ya ƙara masa takaici ke nan, don ba dama ya ƙi ta. Ranar Litinin ta danna maɓalli, ta zauna tana jira. Ta duba wayarta. Ta cire rigar sanyi. Ta ci rabin burodin cukunta. Da kiɗan ya tashi sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a duk gundumar ba ta ga irin wannan ba.

"Kawu Lyuben, ciwonta uku ne," in ji ta. "Faifanta mai juyawa ne, da allura a ciki irin ta garmaho, duk abin da take so sai allura ta je ta lalubo shi. Ƙwaƙwalwarta kuma 'yar mitsitsiya, teburi ne da ba ya ɗaukar faranti biyu. Na uku, tana buɗe ido mutum talatin da ɗaya sun tsaya mata a kai, kowa shi za a fara sallama. Wai ma wa ya sa mata anti-bairos biyu? Ai masu gadi biyu ka ɗauka, kowa ya wuni yana cajin ɗan'uwansa."

Mai makoki ya ce wataƙila yaran ƙungiyar rawa ne, sun cika taɓe-taɓe. Desislava ta dube shi ta saman tabarau ta ce yara ba sa sauke hasashen yanayi guda uku. Ya tsaya yana kallo ta buɗe jerin masu tashi da safe, tana kashe su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa guda, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Ta bar huɗu, ta kori mai gadi ɗaya, ta busa ƙurar fanka. Aikin shekara tara ya rushe kafin shayinta ya huce. Ya roƙe ta ta bar ko da na sikana, don tsohuwa ta saba da shi, ta ce ai shi ya sa take nishi.

Washegari Talata, marigayiya ta tashi cikin minti shida. Wannan ita ce ranar da mai makoki ba zai yafe wa ilimin zamani ba. Ya tsallaka baranda kamar kullum, aka tambaye shi, ya ce tukuna, aka sauko da kofi. Gospoja Tasheva ba ta yi maganar barkono ba a ranar. Ta ajiye allura, ta juya kofinta a kan faranti, ta ce 'yarta Yoana, wadda ke aiki a Valencia, can ƙasar waje, ta sake kira.

"Ta ce in tattara in koma wurinta gaba ɗaya, Gospodin Gochev, wai me nake yi ni kaɗai a cikin sanyi. Na ce mata ta ba ni mako uku, in duba ko akwai abin da ya riƙe ni a nan."

Ta faɗa, ta dube shi, ba ta kawar da ido ba. Ya ajiye kofi. Ya buɗe baki. Da a zamanin lafiyar Penka ne, da yana da sauran minti takwas cur, kuma ya rantse minti takwas sun ishe shi ya tattaro kalmomi huɗu ko biyar. Amma yana buɗe bakin sai ga tan-tan-taraan ta ratso baranda. Ƙafafunsa, da suka yi shekara tara suna bin wannan kiɗa, suka miƙe da kansu. Ya ji bakinsa yana cewa ta farka, ya yi godiyar gahawa, ya fita. Ya wuni yana buga hatimi a littattafan da ya riga ya buga wa.

Da azahar, da Desislava ta tafi cin abinci, ya zauna ya mayar da mutum ashirin da bakwai ɗin nan bakin aikinsu. Da safiyar Laraba ta gane. Ba ta yi faɗa ba, ta dai girgiza kai, ta sake kashe su, ta kulle jerin da lambar sirri, ta ce don lafiyar kwamfutar ne da tasa. Ta ƙara mata ƙwaƙwalwa. Ta shiga can cikin saitin farko ta hana ta laluben aljihun CD, ta ce mata ta wuce kai tsaye inda kayanta suke. Minti uku. A minti uku gahawa ba ta ma tafasa. Mai makoki yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, ya ce ina kwana, ya ce gari ya yi sanyi, kiɗa ya kira shi.

Masu wayo za su ce, to me ya hana shi jinkirta danna maɓallin, ko ya rage ƙarar kiɗan, ko ya tsallaka kawai ya zauna? An gode da shawara. Ya yi tunanin duk wannan, ya ma kai hannu kan abin rage ƙarar sau biyu. Amma jiran na'ura ƙaddara ce da ke faɗa wa mutum, ba wanda zai ga laifinsa. Ƙin danna maɓalli kuwa shawara ce da mutum ya yanke da kansa, ita ma Gospoja Tasheva za ta san ya yanke, kuma a shekara sittin da ɗaya ba a taɓa kama Lyuben Gochev da yanke shawara ba.

Ranar Litinin ta biyu aka yi babban aiki. Desislava ta zo da wani ɗan abu shafal kamar kwalin ashana, ta ce sunansa SSD, ba ya juyi, ba shi da allura, duk abin da aka nema yana hannunsa. Ta kwafe kayan tsohon faifai a cikinsa, ta kwance ƙusoshi huɗu, ta ciro faifan da ya yi shekara goma sha shida yana kirrr, ta miƙa wa mai makoki da ɗuminsa. Ta danna maɓalli. Kafin ya sami inda zai ajiye abin da ke hannunsa, tan-tan-taraan. Daƙiƙa goma sha tara. Desislava ta tafa, ta ce tsohuwa ta koma budurwa, yanzu ba zai ƙara ɓata safiyarsa ba. Ya yi mata godiya, don an yi masa tarbiyya.

Washegari ya danna maɓalli, ya rataye hula, kiɗa ya tashi tun bai juyo ba. Duk da haka ya fita baranda. Ƙofar ɗakin ɗinki a buɗe take, tukunya tana kan murhu, kofi biyu a kan taga. Gospoja Tasheva ta tambaye shi ko ta farka, alhali ta ji da kunnenta. Ya ce ta farka. Ta ce to madalla, an huta. Ta ɗauki kofi mai shuɗin zane ta mayar cikin kabad, ta rufe a hankali. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba, har da ranar da aka yi masa tiyatar tsakuwar ciki.

Kwana uku marigayiya ta yi a cikin wannan hali, tana zabura kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi, ba biip mai natsuwa, ba lalube, ba karatun faifai. Ranar Alhamis aka danna maɓalli, fanka ta juya sau biyu, aka ji ɗas, ɗan hayaƙi ya fito ta bayanta da ƙaurin ƙonanniyar roba, shi ke nan rai ya yi halinsa. Desislava ta buɗe ta, ta nuna wasu ƙananan abubuwa da suka kumbura a kan allon cikinta, ta ce tsufa ne, da aikin da ba aikin, kwananta ya ƙare. Mai makoki yana girmama iliminta, amma ya san abin da ya sani. Penka ba ta saba a tashe ta a firgice ba, kuma a shekarunta ba a koya wa tsohuwa gudu.

Marigayiya ta rasu ta bar kibod ɗaya, wanda haruffa shida suka goge a jikinsa. Da maus mai jan ƙafa ta hagu. Da allo, wanda ko kwana ɗaya bai yi yana takaba ba aka haɗa shi da wata. Da firinta, wadda ba su taɓa shiri ba amma ta yi shiru tun ranar. Ta bar littattafai dubu goma sha tara cikin ƙoshin lafiya, don Desislava ta kwafe komai, kuma an yaba mata. Ta bar magajiya, wata 'yar baƙar akwati da ba ta kai bulon cuku girma ba, wadda ke tashi cikin daƙiƙa takwas, ba tari, ba kiɗa, ba kunya. Ba a raɗa mata suna ba kuma ba a da niyya. Ta bar kofi ɗaya a cikin kabad. Ta bar mai makoki, wanda yanzu yake fara aiki da takwas daidai kamar wani ma'aikacin banki, yana jin ƙarar keken ɗinki daga taku bakwai. Ya kuma lura Gospoja Tasheva ta fara liƙa takardu a jikin akwatunan kayan rawa, tana rubuta abin da ke cikin kowanne da manyan haruffa, yadda wani zai iya ganewa ba sai ya tambaye ta ba. Makonni ukun za su cika ranar Lahadi, sha tara ga wata, kuma Yoana ba ta mantuwa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, sha bakwai ga wata, da ƙarfe takwas na safe, a barandar gidan karatu. An jinkirta ta kwana takwas saboda motar kwashe tsofaffin kayan lantarki ranar take zuwa, kuma iyalan sun tabbata marigayiya ba za ta damu da jira ba. Za a ɗora ta a kan keken tura littattafai, a lulluɓe ta da ƙyallen teburin karatu, a tura ta a hankali har bakin titi. Duk wanda ya yi sauri za a mayar da shi baya. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari da gyaɗa, kowa ya ci cokali ɗaya ya ce Allah ya gafarta mata. Tsohon faifan ba zai bi ta ba, yana cikin aljihun teburin mai makoki, nannaɗe da hankici. Ana gayyatar Desislava Yankova, an yafe mata duniya da lahira, da sharaɗin ta sa hannuwanta a aljihu har a watse.

Masu kawo furanni su tuna da ƙa'ida: mamaci bibbiyu ake kai masa, biyu ko huɗu ko shida, mara kuwa, wato ɗaya ko uku ko biyar, na masu rai ne. Mai makoki ya riga ya je wurin mai furanni ta bakin gada, ya ce a ajiye masa jajayen furanni biyar. Matar ta tsaya da almakashi a hannu, ta ce, "Biyar, Lyuben? Jana'iza ka ce fa. Ko lissafin ne ya fara kwance maka?" Ya ce lissafinsa lafiya lau, biyu na Penka ne.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi inda sauran ukun za su, kuma da zarar mota ta tashi kowa ya kama gabansa, kada a tsaya a baranda ana karanta dokokin kashe gobara. Ana kuma roƙon Gospoja Nevena Tasheva, idan ta karanta har nan, kada ta ba Yoana amsa kafin Juma'a, ta kuma bar ƙofar ɗakin ɗinki a buɗe. Mai makoki bai taɓa yin irin wannan magana ba, kuma ba zai iya cewa minti nawa za ta ɗauke shi ba.

Mai makoki,
Lyuben Gochev.